Shekarun da Hadari Ya Ƙi Haɗuwa: Daga Kakalaba zuwa El Buhari

Godiya ta tabbata ga Allah mai saukar da ruwa, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa (SAW). Bayan haka, 'yan'uwa, kwanan baya muna karatun babin sallar roƙon ruwa a littafin fiƙihu, sai wani ɗalibina haifaffen nan Libreville ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, wai da gaske akwai inda ake roƙon ruwa?" Yara suka yi dariya. Ban ga laifinsa ba. Yaron da ya tashi inda ruwan shekara ke kusan milimita 3,000, shi dai abin da ya sani ambaliya ce da yoyon kwano. A Maraɗi kuwa, idan an samu 500 sai a ce damina ta yi albarka.

Ruwan nasu ma daga ƙofar gidanmu yake tashi. Iskar da ke ɗauke da danshi daga wannan teku take bi ta yi arewa. Shi ya sa a watan Yuni, lokacin da rani ke kama mu a nan, can shuka ake yi. A bazara zafi yakan yi tsanani, hadari ya haɗo daga gabas da guguwa da tsawa, manomi ya fita da iri. Wani ma tun kafin ruwan ya yi binne. Shekarar da iskar nan ba ta kai arewa sosai ba, sai hadari ya taso ya watse, a yi ta kallon gabas har iri ya ƙone a rami.

Haka aka yi a 1913. Ruwa ya makara, ya kuma ɗauke da wuri, tun daga ƙasar Kano da Katsina har Damagaram. Yunwar da ta biyo baya a 1914 ita ce tsofaffi ke kira Kakalaba. Mutane suka tono gidajen tururuwa suna neman ƙwayar hatsi, suka ci 'ya'yan ƙarangiya, suka jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Jama'a suka yi ta kwararowa daga ƙasar da Faransa ke mulki zuwa kudu, da yawa ba su ƙarasa ba.

To amma fari ai ba a 1913 aka fara shi ba. Bahaushe ya san fari tun kaka da kakanni, shi ya sa yake da rumbu, kuma maigidan kirki ba ya taɓa hatsin bana sai na bara ya ƙare. Abin da ya bambanta shekarar nan shi ne ta tarar da rumbuna ba nauyi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe, manoma da yawa suka ba gyaɗa filin da a da gero da dawa ke ci. Ga harajin Turawa da ake biya da tsabar kuɗi, wanda ke sa mutum ya sayar da hatsinsa tun da kaka da araha. Kuma jirgin da ke kwashe gyaɗa zuwa Ikko bai dawo da hatsin da zai wadatar ba. A nawa ganin, a nan ne hannun ɗan Adam ya shiga.

Ku gwada wannan da shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ake kira Shekarar Toka, zamanin Sayyadina Umar (RA). Ruwa ya ƙi sauka a Hijaz, ƙasa ta koma kamar toka, mutanen ƙauye suka cika Madina. Umar ya fita roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas baffan Annabi (SAW) ya yi addu'a. Wannan kowa ya haddace. Abin da muke tsallakewa shi ne ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, aka kafa tukwane ana ciyar da jama'a, ya jinkirta karɓar zakka a shekarar, ya dakatar da haddin sata, shi kansa ya haramta wa bakinsa man shanu har fatarsa ta sauya. Addu'a da ayarin raƙuma tare suka tafi.

Bayan Kakalaba an yi 'Yan Buhu a 1927, an yi 'Yar Gusau a 1942. Sai kuma babbar, wadda ta fara tun ƙarshen shekarun 1960 ta kai maƙura a 1972 da 1973. Garkunan Fulani da Buzaye suka ƙare, Tafkin Chadi ya tsuke har ya rabu biyu. A Nijar aka zargi manyan gwamnati da ɓoye hatsin taimako, kuma ranar 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani. Ku lura fa, a daidai wannan lokaci ne kuɗin man fetur ya tashi, Gabon ta shiga gine-gine, aka fara shimfiɗa layin dogo, ana neman leburori da 'yan kasuwa. Ku tambayi dattawan sahun gaba a masallacinmu shekarar da suka baro gida. Wasunsu ba son yawo ya kawo su ba.

Ta 1984 kam da idona na gani, ina almajiri ɗan shekara goma sha. Ruwan shekarar ya gaza ma na 1973 a wurare da yawa. Ga shi kuma a watan Afrilu gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya saboda canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Hatsin da ya saba ƙetarowa daga Katsina da Kano ya tsaya, sai abin da aka sato ta daji. Shi ya sa mutanen Nijar suka sa wa yunwar suna El Buhari. Mukan zaga gida goma da ƙoƙo mu dawo wayam, ba don rowa ba, matan gidan su ma ba su ɗora tukunya ba. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, ya sallami ƙananan cikinmu zuwa ga iyayensu, ya sayar da akuyoyinsa ya sayi jar dawar taimako da ake kawowa daga Amurka. Tuwonta ba ya kama jiki, amma mun ci. Sau uku muka fita bayan gari roƙon ruwa da alluna a hannu, liman ya juya mayafinsa, muka dawo cikin rana.

Na faɗa wa ɗalibin nan nawa, in ya koma gida ya saurari abin da babansa ke fara tambaya idan ya buga waya ƙauye a watan Yuni. Washegari ya zo ya ce: "Malam, cewa ya yi, an yi shuka?"

Allah ya ba su damina mai albarka, ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya. Amin.