Daga Sanƙira Zuwa Wayar Salula: Yadda Ɗalibanmu Suka Riƙa Kiran Taro

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A bana mun ga ya dace mu waiwayi wani abu da ba a cika kula da shi ba, wato hanyoyin da 'ya'yanmu na jami'a suka bi wajen sanar da tarurrukansu, da abin da sauyin hanyoyin nan ya jawo mana a gida.

Kafin zuwan boko, sanarwa a ƙasar Kura da Bunkure aikin sanƙira ne. Umarni ya fito daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, sannan mai shela ya ratsa gari, musamman ranar kasuwa. Wanda bai ji da kunnensa ba, maƙwabcinsa zai faɗa masa.

Ilimin jami'a ya iso Kano da kafa Kwalejin Ahmadu Bello a 1960, wadda ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, ta kuma zama Jami'ar Bayero a 1977. A daidai wannan zamani ne gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974, aka jawo ruwa ta Kadawa zuwa gonakinmu. Noman rani na alkama da tumatir da shinkafa ya sa kuɗi a hannun manomi, har ya iya riƙe ɗansa a makaranta. Da yawanku da ke karanta wannan mujalla a birane, da kuɗin kwandon tumatir kuka yi rajista.

Da ɗalibanmu suka fara yawa a Kano da Zariya, sai suka shiga haɗa kansu, suna shirya tarbar sababbin ɗalibai, da lacca, da muhawara, da walimar masu kammalawa. Kiran taro a lokacin wahala ne. Sakatare zai buga sanarwa da tafireta a kan sitensil, a ɗaura a keken Gestetner, a riƙa juyawa da hannu har kwafi ya isa. Sai a kai ofishin kula da harkokin ɗalibai a sa hatimi, sannan a liƙa a allon sanarwa, da ƙofar ɗakin cin abinci, da ɗakunan kwana. Idan taron babba ne, a sayi farin ƙyalle a kai wa mai zane, a rataya a bakin ƙofa.

Hukuma ta san ƙarfin waɗannan 'yan takardu. A watan Afrilu na 1978, lokacin da aka ƙara kuɗin abinci, kiran ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ya game jami'o'i ba tare da wayar hannu ba. An rasa rayuka a Legas da Zariya, gwamnatin soja kuma ta haramta ƙungiyar.

Abin da ya fi shafarmu shi ne sanarwar ba ta tsayawa a harabar jami'a. Ɗalibi zai hau mota ranar Juma'a da takardun gayyata, ɗaya ta hakimi, ɗaya ta limami, sauran na shugabannin makarantu. Mu da muke riƙe da makarantun firamare mukan karanta takardar a gaban yara a wajen taron safe. Idan da hali, a biya Gidan Rediyon Kano ya sanar, manomi ya ji sunan garinsu yana tsaye a bakin kwalbati. Ta haka yaron da bai taɓa ganin jami'a ba ya san cewa akwai yayansa a can, kuma shi ma hanya a buɗe take.

Wayar salula ta shigo a 2001, gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Freedom suka biyo baya a 2003, daga bisani Facebook da WhatsApp suka karɓe aikin. Yau sanarwa kan isa ga ɗaruruwan ɗalibai cikin minti guda, ba ko sisi. Wannan ci gaba ne, ba mu musu. Sai dai saƙon yana yawo ne tsakanin waɗanda suka riga suka shiga jami'a. Mai ban ruwa a Kadawa ba ya cikin zauren WhatsApp, haka ma ɗan aji shida da iyayensa ke shawarar ko ya ci gaba da karatu ko ya koma gona. Saurin ya ƙaru, amma da'irar ta ƙuntata.

Saboda haka muna kira gare ku, 'yan'uwa mazauna birane. Duk sa'ad da ɗalibanmu suka zo neman gudummawar taro, ku ba su, amma ku tambaye su ko sun kai takarda gida. A ware kuɗin mota da na sanarwar rediyo, a gayyaci makarantun sakandarenmu, a kuma riƙa yin taro ɗaya a shekara a cikin gari lokacin hutu. Ruwan Tiga bai amfane mu ba sai da aka haƙa ƙananan magudanai zuwa kowace gona. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, amin.