Tarihin Binciken Ilimi kan Addini, Tsaro da Zamantakewa a Arewacin Nijeriya

Binciken ilimi kan addini, tsaro da zamantakewa a Arewacin Nijeriya fage ne da ya tara malaman tarihi, da na siyasa, da na shari'a, da masu nazarin rayuwar al'umma. Abin da suke bi shi ne yadda aƙida da mulki da talauci suke cuɗanya har su haifi zaman lafiya ko fitina. Fagen ya haura shekara 100 da kafuwa, kuma tun farkonsa yana da wata ɗabi'a: galibi sai wuta ta tashi sannan a ɗauko alƙalami. Rikicin Satiru, da na Maitatsine, da dambarwar Shari'a, da Boko Haram, kowanne ya zo da nasa tarin littattafai. Shi ya sa mai karanta wannan tarihi zai amfana idan ya riƙa tambayar wa ya sa aka yi binciken, kuma me yake tsoro a lokacin.

Zamanin Turawa

A watan Fabrairu na 1906 mutanen Satiru, wani ƙauye kusa da Sakkwato, suka tashi da sunan Mahadiyya, suka fatattaki rundunar da aka tura musu, suka kashe Turawa uku. A watan Maris aka koma da ƙarfi aka rushe garin, aka kashe mutane kimanin 2,000. Daga nan tsoron Mahadi ya shiga jinin gwamnatin mulkin mallaka. Razdan da Di'o suka riƙa tattara labarin malamai masu yawo, da mahajjata masu bin hanyar Sudan, da 'yan ɗariƙun da ba a yarda da su ba. A 1923 aka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu a Dumbulwa, aka kai shi Buea ta ƙasar Kamaru. A 1927 wasu jami'ai biyu, Tomlinson da Lethem, suka fitar da rahotonsu kan abin da suka kira farfagandar siyasar Musulunci a Nijeriya. Rahoton asiri ne aka sa masa rigar tarihi.

Duk da haka Turawan sun bar abin amfani. H. R. Palmer ya fassara tarihin sarakunan Kano a 1908, E. J. Arnett ya fassara Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1922, kodayake malaman baya sun sami kurakurai da dama a aikin dukansu biyu. A ƙarshen zamanin aka sami masu zama cikin mutane su saurara. Joseph Greenberg ya rubuta kan Maguzawan ƙasar Kano a 1946. M. G. Smith ya nazarci sarautar Zazzau, matarsa Mary Smith kuma ta rubuta labarin rayuwar Baba ta Karo daga bakinta, aka buga a 1954.

Ibadan da Zariya

Juyin da ya fi muhimmanci ya faro daga Jami'ar Ibadan. Kenneth Dike ya jagoranci kafa ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a 1954, daga baya aka buɗe reshe a Kaduna. A 1961 wani malami Bature, H. F. C. Smith, ya buga maƙalar da ta nuna cewa masana sun yi sakaci da jihadin ƙarni na 19, alhali masu jihadin sun bar ɗaruruwan littattafai da hannunsu. Shi ne daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith. Ɗalibinsa Murray Last ya tafi Sakkwato ya zauna da Waziri Junaidu, ya karanta wasiƙu da littattafan gidan waziri, ya kammala digirinsa na uku a 1964. Littafinsa The Sokoto Caliphate ya fito a 1967, kuma daga lokacin aka fara barin kiran ƙasar da sunan daular Fulani, aka koma kiranta halifanci, wato aka ɗauki ma'aunin waɗanda suka kafa ta. Ba a cika faɗa ba, amma in ba don taskar Waziri Junaidu da haƙurinsa ba, da wuya a ce an sami wannan littafi.

Abdullahi Smith ya koma Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ya kafa sashen tarihi, sannan a 1970 ya kafa Gidan Arewa a tsohon gidan Sardauna a Kaduna. Ɗaliban da suka fito daga hannunsa, irin su Yusufu Bala Usman da Mahmud Modibbo Tukur, sun ƙi yarda a fassara komai da ƙabila. Suna neman dalili a ƙasar noma, da haraji, da fatauci, da yadda ake rabon mulki. A ɗaya gefen kuma Ba'amurke John Paden ya buga nazarinsa kan addini da siyasa a Kano a 1973, inda ya bi diddigin Ƙadiriyya da Tijjaniyya da dangantakarsu da fadar sarki da jam'iyyu.

A 1977, lokacin da ake ta ka-ce-na-ce kan kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a tsarin mulkin da ake shirin yi, Bala Usman ya gabatar da lacca a Zariya kan yadda masu mulki ke wasa da addini. Ya faɗaɗa ta ta zama littafin The Manipulation of Religion in Nigeria a 1987. Hujjarsa ita ce masu kuɗi da masu iko, Musulmi da Kirista, suna fakewa da addini don talaka ya manta da wanda ke cin haƙƙinsa. Wannan ra'ayi ya yi tasiri ƙwarai, har yau ɗalibai na ɗauko shi a kundayensu. Rauninsa shi ne yana mayar da mai imani kamar raƙumi da akala, wanda sai yadda aka ja shi. Masu suka sun ce ai akwai mutanen da suka mutu kan abin da suka yi imani da shi, ba wanda ya biya su ko kwabo.

Maitatsine

A watan Disamba na 1980 faɗa ya ɓarke a unguwar 'Yan Awaki ta Kano tsakanin mabiyan Muhammadu Marwa Maitatsine da 'yan sanda, har sai da soja suka shigo. Hukumar binciken da Mai Shari'a Anthony Aniagolu ya jagoranta ta ƙiyasta mamata 4,177. Ragowar mabiyan sun sake tashi a Bulumkutu ta Maiduguri da Kaduna a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985.

Nan ne aka fara musun da har yanzu bai ƙare ba. Paul Lubeck, wanda ya daɗe yana nazarin ma'aikatan masana'antun Kano, ya rubuta a 1985 cewa a duba gardawa. A da gardi yakan shigo birni da rani, ya yi karatu, ya yi ɗinkin hula ko dako, mutanen gari su ciyar da shi, damina ta faɗi ya koma gona. Kuɗin mai na shekarun 1970 ya wargaza wannan tsari: abinci ya yi tsada, sana'o'in hannu suka mutu, attajiri ya gina katanga ya sa maigadi inda da zaure yake a buɗe. A ganin Lubeck, tsinuwar da Maitatsine ke yi wa mai agogo da rediyo da keke ta sami kunne ne wurin waɗanda birni ya juya wa baya. Mervyn Hiskett da Elizabeth Isichei sun yi nasu rubutun a 1987, kowa da inda ya sa nauyi. Tambayar dai guda ce: aƙida ce ta tara mutanen, ko yunwa da wulaƙanci? Bayanin Lubeck ya fi sauran daɗewa a bakin masana, amma ya bar wani tabo, domin masu ɗauko shi a gurguje sun mayar da kowane almajiri abin zargi. Sai a 2018 Hannah Hoechner, bayan zama mai tsawo da almajirai a Kano, ta fitar da littafin da ya nuna yadda yaran da kansu suke kallon rayuwarsu, da ƙarancin hujjar da ke bayan wannan zargi.

Daga Kafancan zuwa Shari'a

Shigar Nijeriya Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a 1986, da rikicin Kafancan na Maris 1987, da na Zangon Kataf a 1992, sun karkatar da hankali zuwa zaman Musulmi da Kirista. Jibrin Ibrahim ya nazarci rikicin 1987 na Jihar Kaduna. Matthew Hassan Kukah, limamin Katolika ɗan kudancin Kaduna wanda daga baya ya zama Bishop na Sakkwato, ya buga Religion, Politics and Power in Northern Nigeria a 1993, inda ya kawo koken ƙananan ƙabilu kan mulkin masarautu. Littafin ya sha yabo ya sha suka, gwargwadon ɓangaren da mai karatu ya fito. Toyin Falola ya biyo da nasa kan tashe-tashen hankulan addini a 1998.

Wasu kuma suka juya ga saɓanin da ke tsakanin Musulmi su kansu. Ƙungiyar Izala, wadda Shehu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978 da goyon bayan Shehu Abubakar Gumi, ta sami manazarta biyu na ƙwarai: Bajamushe Roman Loimeier a 1997, da ɗan Senegal Ousmane Kane a 2003. Kane ya nuna cewa ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya shiga Izala a Kano yana kuma neman sauƙi daga ɗawainiyar biki da suna da durƙusa wa manya.

Da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Zamfara a Oktoba 1999, jihohi 12, har da Zamfara, suka bi wannan hanya, rubutu ya yi yawa, mafi yawansa na zafin rai. Aikin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne na Philip Ostien, malamin shari'a a Jami'ar Jos, wanda shi da abokan aikinsa suka bi jiha-jiha suna tattara dokoki, da rahotannin kwamitoci, da bayanan kotu, har da shari'ar Safiyatu Husaini da ta Amina Lawal. An buga shi juzu'i 5 a 2007. Ba shi da daɗin karatu, amma duk mai son sanin abin da aka rubuta a doka da abin da alƙali ya yanke, can zai koma.

Boko Haram

Bayan rikicin Yuli 2009 da kisan shugaban Boko Haram Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri, musamman bayan sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilu 2014, fagen ya cika maƙil. Cibiyoyin nazarin tsaro na Turai da Amurka suka shigo da kuɗinsu da tambayoyinsu. An rubuta maƙaloli bila adadin, da yawansu daga mutanen da ba su taɓa taka Borno ba, ba su jin Hausa balle Barbarci ko Larabci, wannan ya kwafi wancan, wancan ya kwafi jarida. Ko sunan ƙungiyar sai da aka yi ta kuskurensa, ana cewa boko daga kalmar Ingilishi ta littafi ya samo asali, har masanin harshe Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai ma'anar algus ko abin da ba na ainihi ba, kamar dai yadda ake cewa amaryar boko.

Aikin kirki ya fito ne daga waɗanda suka koma ga kaset. Wa'azin Muhammad Yusuf da raddin da Shehu Ja'afar Mahmud Adam da wasu malamai suka yi masa suna nan a faifai, a da ana sayarwa a kasuwa. A 2012 wata mujallar nazarin addini a Afirka ta buga maƙala kan waɗannan muhawarori ba tare da sunan marubucin ba, saboda tsoron abin da ka iya samunsa. Tsoron ba na banza ba ne: a shekarar ce aka kai hari kan masu ibada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, farfesoshi biyu na cikin mamatan, kuma a 2017 bam ya tashi a masallacin Jami'ar Maiduguri. Kyari Mohammed na jami'ar Yola ya yi bayanin matakan da ƙungiyar ta bi daga wa'azi zuwa yaƙi a wani littafi na 2014. Alexander Thurston ya rubuta tarihinta yana haɗa aƙida da siyasar Borno. Abdulbasit Kassim da Michael Nwankpa sun fassara hudubobi da saƙonnin shugabanninta suka buga a 2018. Abdul Raufu Mustapha na Jami'ar Oxford, wanda ya rasu a 2017, ya haɗa malaman gida da na waje suka fitar da jerin littattafai uku tsakanin 2014 da 2020.

Tsohon musun ya dawo da sabuwar riga. Manazarci Jacob Zenn ya dage cewa alaƙa da Alƙa'ida ce ginshiƙin labarin tun farko. A 2018 masana biyar, ciki har da Kyari Mohammed da Thurston da Adam Higazi, suka yi masa raddi a rubuce, suna cewa hakan na rufe ido ga zaluncin jami'an tsaro da siyasar cikin gida. Wannan saɓani yana da nauyi a aikace, domin idan cutar daga waje ta zo maganinta jirgin yaƙi, idan kuwa a gida ta tsiro to akwai waɗanda za a tuhuma.

An kuma fara ƙirga gawa da tsari. Shirin Nigeria Watch, wanda Bafaranshe Marc-Antoine Pérouse de Montclos ya assasa, yana tattara adadin mace-macen tashin hankali daga jaridu tun 2006. Alƙalumansa sun nuna cewa a shekaru da dama haɗarin mota da miyagun laifuka na yau da kullum sun fi rikicin addini cin rayuka, sai dai abin da jarida ba ta gani ba ba ya shiga lissafi, ƙauyuka kuwa jarida ba ta cika zuwa ba.

'Yan bindigar daji da batun harshe

Ta'asar 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato ta zo wa masana a bai-bai, domin mai kashewa da wanda ake kashewa galibi alƙiblarsu ɗaya. Dole aka koma batun burtali da makiyaya, da satar shanu, da 'yan sa-kai, da zinare, da makaman da ke ƙetarowa ta iyakar Nijar. Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya gabatar da sakamakon shekara goma na bincikensa a Zamfara a 2021, har da hirarraki da su 'yan bindigar.

Kusan duk waɗannan ayyuka da Ingilishi aka yi su, kuma manyan cikinsu a Landan ko Leiden ko Amurka aka buga, da farashin da ya fi ƙarfin albashin malamin jami'a a Gusau. Mutumin da aka yi hira da shi da Hausa a sansanin gudun hijira ba zai taɓa karanta abin da aka ce ya faɗa ba. A gida kuma dubban kundayen digiri na biyu da na uku suna jibge a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Zariya da takwarorinsa na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. A cikinsu akwai hirarrakin da aka yi da dattawan da suka ga Maitatsine da idonsu, waɗanda yanzu da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, kuma mafi yawan kundayen ba a buga su ba.