Ɗan Tunku: Ɗan Tawaye a Kano, Uban Ƙasa a Kazaure

Mu da muka tashi a Achilafiya, sunan Ɗan Tunku ya riga littafin tarihi shiga kunnenmu. A bakin tsofaffi muka fara jin sa, da daddare bayan an ci tuwo, kuma ba mu taɓa jin wani ya kira shi ɗan tawaye ba. Sai da karatu ya kai mu Kano muka tarar da wannan suna yana jiran mu.

Bafulatani ne mai ƙarfi a Dambatta, ya kuma mara wa masu jihadi baya lokacin da aka kawar da Sarki Alwali. Da Sarkin Kano Sulaimanu ya rasu a 1819, aka naɗa Ibrahim Dabo, sai Ɗan Tunku ya ƙi yin mubaya'a. A nan labarin ya rabu biyu. Kanawa suna ganin talaka ne ya fi ƙarfin ubangidansa. Namu tsofaffin kuwa cewa suke Shehu ya bi, ba Kano ba, to da wane dalili zai durƙusa wa wanda suka yi jihadi tare?

Aka shafe kusan shekara biyar ana gwabzawa. Dabo ba kanwar lasa ba ne, ba a banza ake masa kirari da Ci-gari ba. Ya ci Dambatta, amma bai kama mutumin ba, domin Ɗan Tunku ya ja jama'arsa zuwa duwatsun Kazaure, inda doki ba ya sukuwa yadda ya ga dama. Duk wanda ya bi hanyar Roni ya ɗaga kai zai gane dabarar. Baturen nan Clapperton, da ya iso Kano a farkon 1824, ya tarar da yaƙin bai ƙare ba.

Takobi bai raba gardamar ba, Sakkwato ce ta raba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya amince Kazaure ta tsaya da ƙafarta, ba a ƙarƙashin Kano ba. Ɗan Tunku bai daɗe ba ya rasu, ɗansa Dambo ya gaje shi.

Abin da ke damun mu shi ne, masu wannan labari a ka suna ta ƙarewa, kuma wayoyin da ke aljihunmu ba su naɗi muryar ko ɗaya daga cikinsu ba. Dambatta kuwa, inda rigimar ta faro, tana Jihar Kano har yau, mu muna Jigawa tun 1991.