Balance: fim ɗin ɗalibai kan kokawar neman abin duniya

Balance gajeren fim ne da wasu tagwaye 'yan ƙasar Jamus, Christoph da Wolfgang Lauenstein, suka shirya a shekarar 1989, lokacin da suke karatun zane-zane, ɗaya a birnin Kassel, ɗaya kuma a Hamburg.

An haifi tagwayen ne a garin Hildesheim a shekarar 1962.

Fim ɗin, wanda bai kai minti goma ba, ya lashe lambar yabo ta Oscar a Amurka a watan Maris na 1990, a rukunin gajerun finafinan katun.

Abin da ya ƙunsa

Babu magana ko ɗaya a cikinsa. 'Yan tsana ne aka riƙa motsawa kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hotonsu, har suka zama kamar masu rai.

Labarin wasu mutane biyar ne masu kama da juna, tsaye a kan wani dandamali da ke reto a sararin sama. Kamar kwalekwale, in nauyi ya rinjaya gefe guda sai ya karkata, don haka in ɗaya ya matsa dole sauran su gyara tsayuwa.

Ana cikin haka ɗayansu ya jefa ƙugiya ya janyo wani akwati mai nauyi da kiɗa ke fita daga cikinsa.

Daga nan haɗin kai ya watse. Kowa ya so akwatin ya zama nasa, suka shiga ture juna, suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya.

A ƙarshe mutum guda ya rage a bakin dandamalin, akwatin kuma yana ɗaya gefen. In ya taka zuwa gare shi, dandamalin zai karkata, ya rasa abin da ya hallaka 'yan uwansa dominsa.

Darasinsa

Fim ɗin zambo ne ga masu rige-rigen tara dukiya, waɗanda ke mantawa cewa tsayuwarsu ta dogara ne da ta waɗanda suke turewa. Hausawa dai na cewa kwaɗayi mabuɗin wahala.

A shekarar 1997 ma wasu ɗaliban Kassel, Tyron Montgomery da Thomas Stellmach, sun samu irin wannan lamba da fim ɗinsu mai suna Quest.

Su kuwa tagwayen sun koma shirya tallace-tallace, kafin su fitar da dogon fim ɗin katun, Luis and the Aliens, a shekarar 2018.