Tarihin Murhu a Ƙasar Gaya

Toranke gari ne a ƙasar Ajingi, maƙwabciyar Gaya. Masu tarihi sun ce daga Gaya maƙeran nan Abagayawa suka tashi, suka sauka gindin Dala. Tun wancan zamani a kan murhu ake tuƙa tuwo a ƙasar nan, watau duwatsu uku ko curin yumɓu uku, a girka tukunya, a iza kara da itace.

Da aka buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980 sai kananzir ya wadata, risho ya shiga kayan ɗakin amare. Masu hali suka juya wa murhu baya, damina ta zaizaye shi. A 2016 Gwamnati ta janye tallafin kananzir, ya yi tsada, tilas aka komo wa murhu. Amma aka tarar daji ba kamar dā ba, gama farin 1973 da yawan sharar gonaki sun cinye itatuwa.

Saboda haka gyaran murhu ya zama aikin hankali. Akan kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi, a bar shi ya kwana, a liƙe tsaga, sa'an nan a kewaye duwatsun da 'yar katanga, a bar ƙofa guda ta itace. Iska ba ta kwashe zafin, hayaƙi ya ragu, damin itace ya daɗe, bishiya ta tsira. Gaskiyar Hausawa da suka ce da tsohuwar zuma ake magani.