'Yan Daudu Daga Bakin Tasha Zuwa Allon Kallo

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan, duk lokacin da hoton wani namiji mai kwaikwayon mata ya bazu a TikTok, sai ka ji ana cewa baƙuwar ɗabi'a ce Turawa suka turo mana ta waya. Manufar wannan maƙala ita ce a tunatar da mai karatu cewa daudu ya girmi waya da fim a ƙasar Hausa. Abin da ya sauya shi ne yadda ake nuna shi da yadda ake fahimtarsa. Ba yabo muka nufa ba, ba kuma zagi ba, aikin tarihi shi ne ya faɗi abin da ya faru.

Asali da Sana'a

Ɗan daudu namiji ne da ya ɗauki salon mata a magana da rangwaɗa da sana'a. Masana da dama suna danganta sunan da Ɗan Galadima, wato iskan nan na bori mai son ado da kyauta, kasancewar Daudu kirari ne na Galadima. An san 'yan daudu da dafa abincin sayarwa da suyar kaji da hidimar biki, wasu kuma da kawalci a gidajen mata masu zaman kansu. Malamai sun daɗe suna yin hani da shi, bisa hadisin da ya tsawatar a kan namiji mai kamanta kansa da mace. Haka nan dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta sanya namiji mai shigar mata a bainar jama'a cikin masu zaman banza. Doka ba ta hana abin da babu shi.

A Yankinmu

Bayan an kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kura da Bunkure da Garun Malam. Tumatir da alkama da shinkafa suka jawo 'yan ci-rani da direbobi da fatake zuwa Kadawa da Kwanar Gafan da sauran garuruwan da ke kan hanyar Zariya. Inda baƙi suka taru kuwa dole a nemi abinci. Ina ƙaramin ma'aikaci na sha cin shinkafa da miya a rumfar wani ɗan daudu a bakin titi. Ana yi masa ba'a, yana mayar da habaici, amma kowa ya san iyayensa, kuma da shi ake sallar Juma'a. Da yawansu suna da mata da 'ya'ya. Dattawan wancan lokaci suna bambance daudu, wanda salo ne da sana'a da ido ke gani, da luwaɗi, wanda aiki ne da ba a jingina wa mutum sai da hujja.

Zuwan Fim

Finafinan bidiyo na Hausa sun fara da Turmin Danya a 1990. Kuɗin kakar tumatir suka sayo bidiyo da janareta, gidajen kallo suka yawaita a ƙauyukanmu. A farkon shekarun 2000 marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014, ya fito a fim ɗin Ibro Ɗan Daudu. Daga baya Ado Gwanja ma ya yi suna da irin wannan rawa. Sai dai ɗan daudun fim abin dariya ne kawai: ga ɗaurin ƙirji, ga tafa hannu, ga fari da ido. Ba a nuna mutumin da ke tashi da asuba ya hura wuta don ya ciyar da tsohuwarsa. Wanda ya rubuta rayuwarsu dalla-dalla wani Ba'amurke ne, Rudolf Gaudio, a littafin da ya wallafa a 2009 bayan bincike a Kano.

Doka da Wayar Hannu

Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, sannan ta yi dokar Hukumar Hisba a 2003. Daga nan bukukuwan 'yan daudu suka ja baya. A Janairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, mai hukuncin ɗaurin shekara 14. A Disamba 2022 Hisba ta kama mutum 19 a Kano bisa zargin halartar irin wannan aure. A 2024 kuma Hukumar Tace Finafinai ta hana nuna daudu da daba a fim. To amma kafin nan waya ta riga ta shiga hannun kowa. A can wasu ke samun abokan hira da masu kallo, a can kuma ake tallata sunan mutum da zargi, ya zaga gari kafin azahar.

Kammalawa

Sakamakon duk wannan shi ne yaran yau sun san daudu ta allo kaɗai, har kalmomin nan biyu da kakanninsu suka raba sun zame musu ɗaya. A nan haɗarin yake. Yaro mai sanyin murya ko mai taya mahaifiyarsa girki zai iya shan tsangwama a makaranta, har ya bar karatu, alhali bai aikata komai ba. Malamin da ya san wannan tarihi zai koyar da tarbiyya yadda addini ya tanada, ya kuma tuna wa ɗalibansa cewa ƙazafi babban zunubi ne, hukunci kuwa na alƙali ne, ba na 'yan unguwa ba. Dattawan da suka ga zamanin rumfunan bakin tasha suna ƙarewa, ya kamata a je a ji daga bakinsu tun suna raye. Allah ya sa mu dace.