Ruwan Waterloo da mutanen da ke kwana cikin taɓonsa da gangan

 Duk wanda ya zauna ajin tarihi a lakwal ya san sunan Waterloo. Mushe ya rubuta muna a allo: 18 ga Yuni 1815, Napoleyon ya sha kashi. Muka haddace, muka juye a takardar jarrabawa, muka manta. Abin da ba a cika faɗa muna ba shi ne labarin ruwan sama.

Waterloo na ƙasar Beljik, kudu kaɗan da Burusel. Ran 17 ga Yuni, jajibirin yaƙin, aka tsuge da ruwa tun da rana har cikin dare. Sojan Faransa wajen 72,000 da na Wellington wajen 68,000 suka kwana a gonaki, mafi yawansu ba tanti, ba wurin fakewa. Gari ya waye ƙasa ta zama caɓi. Ku tuna yadda amalanke ke kafewa a fadama cikin watan Agusta, to haka igwa ta riƙa yi. Harsashinta ma da ya kamata ya daki ƙasa ya yi tsalle cikin layin abokan gaba, sai ya nutse a laka. Napoleyon bai soma ba sai wajen ƙarfe 11 da rabi. Da la'asar sojan Prusiya na Blücher suka iso suka kama wa Wellington. Kafin dare mutum kusan 50,000 sun mutu ko sun ji rauni, bayan kwana huɗu Napoleyon ya ajiye mulki. Masana na gardama kan ko ruwan ne ya ci shi, amma ba mai musun cewa ya ci masa lokaci.

To yanzu ga abin mamakin. A watan Yuni wasu mutane kan taru a wannan fili su sake buga yaƙin. Ba sojoji ba ne, malaman makaranta ne, da likitoci, da direbobi, da ƴan fansho. A 2015, cikar shekara 200, sun kai wajen 5,000 daga ƙasashe da dama, da dawaki 300 da igwa 100. Wani lauya Bafaranshe ne ya fito a matsayin Napoleyon. Kowa da kuɗinsa yake ɗinka kakinsa, har maɓalli sai ya yi daidai da na 1815. Ɓangaren Ingila kan kafa sansani a gonar Hougoumont, na Faransa kuma a gidan gonar Caillou inda Napoleyon ya kwana daren ƙarshe.

Kusan komai nasu kwaikwayo ne. Bindiga albarushi zalla, ba harsashi. Wanda ya "mutu" yana tashi ya karkaɗe wando. Tun kafin a soma kowa ya san wanda za ya ci. Ruwa ne kaɗai ba a iya kwaikwayonsa, kuma Beljik ƙasa ce da sama ba ta da alkawari ko a Yuni.

Shekarar da aka yi ruwa, kakin ulu ya sha ya yi nauyi, ba ya bushewa kafin safe. Tantin zane ya soma ɗiga, ciyawar shimfiɗa ta jiƙe, itace ya ƙi kamawa. Bindigar kuwa irin ta ƙyastu ce, ƴar uwar ta mafarautanmu na da: albarushi na jin laima, ta ƙi tashi. Nan ne fa zumuncin ke fitowa. Mai busasshen itace ya hura wuta, tanti goma su zagaye ta. Tukunyar miya guda, cokali na yawo. Wannan ya ara wa wancan safa, wani ya riƙe wa wani doki, a haɗu a ciccibo ƙafar igwa daga laka. Ba a tambayar kalar kakinka. Wani lokaci ma mai kakin Faransa ɗan Ingila ne ko ɗan Cek, wani sa'in sai da hannu ake magana. Kuma motarsu na nan kusa, otal na nan kusa, ba wanda ya ɗaure su. Su dai kunya suke ji su bar abokan tanti cikin ruwa.

Akwai masu cewa wannan wasa ne da mutuwar bayin Allah, kuma wallahi maganar ba ta banza ba ce. A 1815 akwai masu rauni da suka yi kwanaki a filin kafin a ɗauke su. Wanda ke da asibiti da busasshiyar riga a jaka bai ɗanɗana wannan ba, ba za ya ɗanɗana ba. Amma mu a ganinmu, wanda ya kwana jiƙe a Hougoumont ya fi mu sanin dalilin da igwa ta makara ran nan, mu da muka haddace kwanan wata muka ci maki.

Wasunsu ma Yuni bai ishe su ba. Farkon Disamba sai su nufi ƙasar Cek, filin Austerlitz, inda Napoleyon ya yi nasara a 1805. Can kuma sanyi ne mai daskarar da ruwa a buta, da kakin nan dai na ulu.